Ɓangaren da Za a Sa Kututture

Gaya, ranar Litinin

Zuwa ga Nasiba, matar Yaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Yusha'u da ɗiyata Fati. Ya ruwa a Zabori? Nan Gaya an yi mai ƙarfi shekaranjiya, mutanen Tanda suka ce shinkafarsu ta sha ta ƙoshi. Inna tana gaishe ku. Takardar sarbis sibik ɗina, ta aikin bautar ƙasa, ba ta fito ba tukuna, ina nan ina jira.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Labo direba alhali ga telefon. Telefon ɗinku ɗaya ne ke da Yaya, kuma wannan magana ba na so ta fara faɗawa kunnensa.

Kin sha cewa ba ki gane kokawar bakin da muke yi ba. Bari in faɗa miki dalla-dalla, don shawarar da nake nema ta rataya a kanta. Grup ne a telefon. Kowa yana ƙirƙirar ɗan kokawarsa, wanda babu shi a duniya, ya raɗa masa suna, ya ba shi gari da irin kamunsa. Kowane mako ni nake haɗa su biyu-biyu. Mai ɗan kokawa sai ya aiko vokal, watau saƙon murya, ya yi kirari, ya faɗi yadda nasa zai shiga fili, yadda zai kama, yadda zai kayar. Jama'a su saurara, su jefa ƙuri'a. Wanda muryarsa ta sa mutane suka ga kayen da idonsu, shi ya yi kaye.

Tun farko mun yarda cewa filin namu wani tsibirin yashi ne a tsakiyar kogi, ƙasa da gada kaɗan. Jeografi na karanta, na san babu shi a taswira. Amma idan na zauna bakin ruwa bayan la'asar, rana ta kwanta a kan kogin, kwalekwale suna ƙetarawa da buhuna, sai in ga kamar wani wuri ruwan ya yi fari, kamar yashi yana son fitowa. Nakan daɗe ina kallo.

Ga matsalar. Da mu ƴan fada ne kawai, masu shan shayi a ƙofar gidan su Auta. Yanzu mun kai sittin da huɗu, da na Malanvil, da na Kamba, da na Yamai. Mutum sai ya fi wata bai shiga fili ba, ana ta ƙorafi. Sai aka yanke a raba mu ɓangare biyu, Tudu da Kogi. Kowane ɓangare da takobinsa na sarkin kokawa, da masu ƙuri'arsa, ɗan Tudu ba ya jefa ƙuri'a a Kogi. Ƴan gida za su cika Tudu, baƙi za su cika Kogi. Suka ɗora mini rabon, wai ni ne mai lisansi, digirin jami'a.

Kin san Kututture, ɗan kokawar Yaya, bai taɓa faɗuwa ba. Ke ma kin san dalili, ko da ba a faɗa. A fili na gaskiya, idan aka haɗa ƙane da wansa, ƙanen yana dafa ƙasa da hannu da gwiwa ya ba shi. Mu kuwa duk ƙannensa ne. Lokacin da yake kokawar gaske, kafin kamiyo, babbar motar kaya, ya taka masa ƙafa, mu muke riƙe masa ruwa da layu. Babu ɗayanmu da zai jefa ƙuri'a Yaya ya faɗi. Ni kuma ban taɓa haɗa shi da ɗan kokawar baƙo ba.

Idan na sa shi a Tudu, ba zai taɓa faɗuwa ba. Idan na sa shi a Kogi, akwai wani Sumana, mai gyaran injin kwalekwale a Malanvil, ɗan kokawarsa Dorina. Ban ce tabbas zai kayar da shi ba. Na ce ina ganin haka, kuma na saurari vokal ɗinsa da kyau.

Ke kika san abin da wasan nan ya yi wa Yaya. Idan Kututture ya faɗi, Yaya zai iya ɗauka? Wannan ce tambayata, ba ni da wata.

Ki shafa mini kan Fati. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninku,
Rashidu

*

Zabori, ranar kasuwa

Zuwa ga ƙaramin mijina, mai lisansi marar ofis.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi gyara, rake ya fi Yayanka tsawo. Fati ta ce ba shafa kai take so ba, biskit take so. Ka gaishe da Inna, ka ce yajinta ya iso.

Labo ya miƙo mini takardarka yana wani murmushi, sai na ce masa ai mijina ne, ina ruwansa. Da na buɗe na ga shafi biyu, na ce to, yaron nan ya samo mini kishiya ke nan. Ashe a kan ƴan kokawar iska ne. Haba Rashidu. Mutane suna gama makaranta su nemo mata, kai ka nemo tsibiri.

To bari in bar wasa. Kai kana jin vokal ɗin idan ya iso, ni ina ganin yadda ake yin sa. A gidanmu babu rezo, telefon ba ya kamawa sai an hau tudun bayan gari. Yayanka yana ɗaukar sandarsa ya hau, a hankali, yana hutawa. Akwai wata giginya a can, ita ce makaɗinsa, ita ce ƴan kallonsa. Yana tsayawa gabanta ya yi kirari ya goge, ya sake ya goge. Awakin mutane har sun san shi. Duk ranar da ya sauko daga can, kafaɗunsa daban suke. Yana cin tuwo ya nemi ƙari.

Kai kana Yamai wajen karatu shekarar da aka dawo da shi daga lopital, watau asibiti, ba ka ga komai ba sai abin da aka gaya maka. Ni na ga mutum ya juya fuska ga bango tun daga girbi har zuwa shuka. Idan ana kiɗan kokawa a garin maƙwabta, sai ya ce in rufe taga. Ban san mene ne grup ba, amma na san ranar da ya fara cewa in miƙo masa sanda.

Ka bar mini shi a Tudu. Kamiyo ya kayar da shi sau ɗaya, ya isa. Ban san wannan Sumana ba, kuma ba na son saninsa, shi da dorinarsa.

Ka ci abinci, an ce ka rame. Sai mun zo Salla.

Matarka ta wasa,
Nasiba

*

Gaya, ranar Alhamis

Zuwa ga Yayana Yusha'u.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Yaya yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali, da aikin lambu. Ya ƙafa da wannan sanyin damina? Inna ta ce ka riƙa shafa man da ta aiko.

Na rubuto ne don in sanar da kai rabon da aka yi kafin in sa shi a grup, saboda bai kamata ka gani tare da kowa ba.

An raba ƴan kokawa gida biyu daidai. Tudu za su riƙa shiga fili ranar Laraba, Kogi ranar Asabar. Na bi garin da kowa ya ba ɗan kokawarsa: wanda garinsa yake bakin ruwa ko ƙetare ya tafi Kogi, sauran suka zauna Tudu. Na duba sau da yawa don kada in zalunci kowa. Kututture na Zabori ne, don haka yana Tudu. Nawa, Sannu-Sannu, shi ma yana nan tare da kai.

Jiya a fada aka yi maganar takobin Tudu. Na ce sai a shirya gasa. Auta ya ajiye butar shayi ya ce, “Gasar me, Malam Taswira? Wa zai kama Yaya? Kai?”

Na ce ƙa'ida ce.

Ya ce, “Sannu-Sannu naka kafin ya gama ɗaura walki an yi sallar isha'i. A ba Yaya takobinsa mu sha shayi.”

Kowa ya yi dariya, kowa ya yarda. Saboda haka ina farin cikin gaya maka cewa Kututture ne sarkin Tudu na farko, ba tare da ya shiga fili ba. Za mu yi bikin miƙa takobi ranar Laraba mai zuwa, sai ka aiko mana da kirarin karɓa.

Na yi ta tunanin yadda za a raba tsibirin shi ma. A raina na ba Tudu gefen da rana take fitowa, inda yashi ya fi tauri, akwai ƴar inuwa. Na ga an shimfiɗa maka tabarma a can, takobi a kan cinyarka, makaɗa a bayanka, kana kallon yara suna kamawa. Can ɗaya gefen, inda ruwa yake lasar yashi, baƙi suna nasu, ba ka jin komai sai amon gangarsu daga nesa.

Allah ya ƙara girma da lafiya. Ina gaida Nasiba da Fati.

Ƙaninka mai biyayya,
Rashidu

*

Zabori

Rashidu,

Gaisuwa a gurguje, Labo yana hura oda. Me ka rubuta masa? Ya karanta takardarka a tsaye, ya ninke, ya ce, “Madalla.” Tun ranar bai hau tudu ba. Na ce ba za ka yi musu kirarin takobi ba? Ya ce sarki ba ya kirari, yi masa ake yi. Yana tafiya lambu, yana dawowa, yana cin abinci kaɗan. Ba fushi yake ba, da fushi ne da na san maganinsa. Telefon ɗin ma yana riƙe shi, yana sa shi a kunne yana jin wani abu a hankali, idan na matso sai ya kashe.

Abin da na ce ka yi shi ka yi, na sani. To ga shi.

Nasiba

*

Zabori, ranar Juma'a

Rashidu ƙanena,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da ƴan fada duka. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun nan ya fi sanin ƙugun mutum da alƙalamin bik.

Na ga takardarka. Na gode da takobi. Ka gaya wa Auta na gode.

Bari in ba ka wani labari. Ina saurayi aka yi kokawar kaka a garin Bana, aka haɗa ni da Baba Ado, wanda ya koya mini kamu. Ba ka san shi ba, ya rasu kana ƙarami. Muka shiga, muka zagaya, na dafa ƙasa na ba shi, kamar yadda ake yi. Aka ɗaga hannunsa, mata suka yi guɗa. Na yi daidai, ko yau aka sake haka zan yi. Amma bayan an watse na same shi zaune bayan makaɗa yana kwance layunsa, ya dube ni ya ce, “Yusha'u, da bara ne, da ka gwada ni.” Daga wannan kakar bai sake shiga fili ba. Lokacin ban gane ba.

Kana tsammani ban san ƙuri'unku ba? Na sani tun makon farko. Na karɓa, don lokacin ina bukata, kamar yadda majinyaci yake karɓar kunu a cokali. Allah ya saka muku. Amma mutum ba ya zama a kan cokali har abada.

Akwai mafarkin da nake yi idan na kishingiɗa a lambu bayan azahar, ganyen rake yana ƙara a kaina. Ina kan tsibirin naku. Ƙafafuna biyu lafiya lau, ina jin yashi mai zafi tsakanin yatsuna. Ganga tana tashi. Sai wani ya fito, ƙato, na buɗe hannu na nufe shi, kafin in taɓa shi ya durƙusa. Wani ya fito, shi ma haka. Ina ta rungumar iska. Yashin kuma ko alamar sawuna babu a kansa, kamar ban taka ba. Sai in farka hannuwana suna ciwo.

Yanzu ka ce ka shimfiɗa mini tabarma a inuwa.

Wanda nake saurara a ɓoye, da Nasiba take zargi, Sumana ne. Ka ji yadda yake shigo da Dorina? Ba ta gefen fili yake zuwa ba, daga cikin ruwa yake tasowa, ciyawar kogi a kafaɗarsa, yana cewa fofo ga ƴan kallo kamar ya zo gaisuwar suna. Hausarsa rabi Dendi ce, amma idan ya ce ya kama, sai in ji haƙarƙarina ya motsa. Mutumin nan bai san ni ba. Bai taɓa riƙe mini ruwa ba. Shi nake so.

Ka ce ka bi gari wajen rabo. To Kututture ya tashi daga Zabori. Ruwan bana ya tumɓuke shi, ya bi kwarin dallol da shi har kogi. Ka rubuta haka a taswirarka. Ka mayar wa ƴan Tudu takobinsu su yi gasa a kansa, ka sa ni a Kogi, ka haɗa ni da Dorina ranar Asabar ɗin farko.

Abu ɗaya na hana ka. Kada ka gaya wa Sumana komai a kan ƙafata, kai ko wani. Idan na ji ƙamshin tausayi a muryarsa, na bar grup ɗin.

Na san kana tsoro. Tun kana yaro kake ƙirga matakalar rijiya kafin ka leƙa. Ka yi abin da na ce.

Allah ya fito maka da takardarka.

Wanka,
Yusha'u

*

Gaya, ranar Lahadi

Zuwa ga Nasiba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Kin ce in bar miki shi a Tudu, shi ya ce in kai shi Kogi, na bi maganarsa. Na san kin riga kin ji sakamako, amma ina so ki san yadda aka yi, daidai yadda aka yi.

Da na sanar a grup, ƴan fada suka taso mini. Auta ya ce, “Kai dai karatu ya cinye maka imani. Ba ni lambar mutumin nan in gaya masa wane ne Yaya.” Na ce Yaya ya hana. Ya ce, “To kai ka gaya masa, ai ba za a sani ba.” Ban ɓoye miki ba, ranar Juma'a na je bakin kogi, na tsaya inda ake shiga kwalekwale, Malanvil tana can ina hango rufin kwanonta. Na san inda garejinsa yake. Mai kwalekwale ya tambaye ni ko zan ƙetare, na ce ina jiran wani. Na tsaya har ya cika ya tafi, na koma gida.

Jiya vokal ɗin Yaya ya fara isowa. Nasiba, ban taɓa jin sa haka ba. Da yakan yi kirari ne kamar mai karɓar gaisuwa. Jiya numfashinsa har yana fita a telefon. Ya faɗi yadda ruwa ya kawo Kututture, ya maƙale a bakin tsibiri, saiwoyinsa suka kama yashi. Ya faɗi inda zai sa kansa, inda zai sa gwiwa, yadda zai bar Dorina ya turo shi har ya gaji. Ina zaune a ɗaki na rufe ido, sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙen yashi, wallahi na ji shi.

Sai na Sumana ya zo. Bai yi gaggawa ba. Ya ce Dorina ya zagaya kututturen nan yana shinshina, ya ce itace mai kyau ne, abin tausayi a ce za a yi wuta da shi. Ya ce bai ture shi ba, haƙa ya yi a ƙarƙashinsa, yana kwashe yashi da ƙafa, har saiwoyin suka rasa abin riƙo. Sa'an nan ya jingina da shi kawai.

Ƴan Kogi suka jefa ƙuri'a, mu ƴan Tudu muna kallo ba mu da baki. Dorina ya yi kaye da ratar ƙuri'a uku. Na sake ƙirgawa, haka ne. Na sa sakamakon da hannuna. Sumana ya aiko wani gajeren vokal ya ce, “Wannan tsohon wane ne? Ya kusa karya mini baya. A gaishe shi.” A fada babu wanda ya ƙara zuba shayi.

Alamar telefon ta nuna Yaya ya saurara, kuma ya ga sakamako. Bai ce komai ba, har yanzu da nake rubutun nan. Na kira, rezo bai shiga ba, watau ya sauko daga tudu.

Don Allah ki gaya mini gaskiya. Ya ci abinci? Ina yake kwana da fuskarsa? Idan abin ya koma kamar waccan shekarar, ki aiko Labo ya gaya mini, in shigo motar farko. Ni na haɗa su.

Allah ya sa mu ji alheri.

Rashidu

*

Zabori, ranar kasuwa

Rashidu,

Salamu alaikum. Nasiba ta nuna mini takardarka, ta ce in amsa da kaina ita ta gaji da mu.

Na faɗi. Na sauko daga tudu na je lambu na kwanta, na yi barci har kiran magariba, ban yi mafarkin komai ba. Da na tashi bayana yana ciwo, ta ce tabarma ce, na ce mata ba tabarma ba ce.

Ba sai ka zo ba. Ka gaishe da Sumana, ka ce tsohon ya amsa.

Ka sake haɗa mu bayan Salla. Na saurare shi da kyau. Idan zai haƙa yashi, nauyinsa duka yana kan ƙafar hagu.

Wanka,
Yusha'u